Kogin da Ke Dawowa

Nasidi ɗan Yauri ne, a bakin kogin Kwara ya tashi, amma kogin da yake kula da shi yau a wani lambun shaƙatawa na birnin Al Rayyan, can ƙasar Larabawa, da makunni ake tayar da shi. A da wurin busasshen kwari ne, makiyaya na shayar da raƙuma a wata rijiya da har yanzu tana nan. Da aka yi lambun sai aka shafe kwarin da siminti, aka zuba duwatsu da jajayen kifaye. Ruwan yakan gangara, a tace shi, inji ya maido shi sama cikin minti arba'in.

Bakin Nasidi ya gaji da yi wa ƙungiyar 'yan Arewa wannan bayani. Duk Juma'a sukan zo da kuloli, su ci tuwo da miyar manja, su wanke kwanuka a ruwan. Sau biyu matatar na toshewa, kifi bakwai suka mutu. Shugabansa na wurin aiki ya ce, "Mutanenka ne. In aka kuma, khalas, aikinka ya ƙare." Ga shi saura wata ɗaya a sabunta kwangilarsa.

"Haba Malam Nasidi," in ji Dakta Abdulhakeem, shugaban ƙungiyar. "Kai ɗan bakin kogi, ka manta ruwa mai gudu ba ya riƙe dauɗa?"

"Likita, gudu zuwa ina? Kogin nan ko ƙofar lambu bai taɓa leƙawa ba."

Aka kwashe da dariya, Hajiya Safiyyatu, 'yar ƙungiyar, ta tsoma tukunya a ruwan.

Nasidi ya yi tsaki, ya shiga ɗakin inji, ya karkata ruwan don ya tsallake matata. Da magariba ta gabato, maza suka hau can sama inda ruwan ke fitowa don yin alwala, wai nan ya fi tsabta. Likita ya kamfata ya kai fuska. Manja ya bi gemunsa, ya sauka kan farar shaddarsa.

"Subhanallahi! Wa ya zuba miya a nan?"

"Taku ce, ranka ya daɗe. Ta zagayo."

Juma'ar da ta biyo baya suka zo da butoci da babbar robar wanke-wanke. An sabunta wa Nasidi kwangila. Sai dai yanzu Hajiya Safiyyatu ta ce kifayen sun rame, ta fara gutsura musu tuwo.