Takardar Ƙosai da Fuskar Umma

Abin da na fara lura da shi ranar da na sauka a tashar Jibiya shi ne takardar da aka naɗe mini ƙosai. Inna, ƙanwar mahaifiyata, ita ta zo tarbata. Ta ga ban ci komai ba tun daga Katsina, ta tsaya wurin wata tsohuwa ta saya mini. Ban iya ci ba, takardar nake kallo. An raba ta gida-gida kamar fangalin lambu, a kowane gida akwai zanen wata mata a cikin kwale-kwale, maganarta tana fitowa daga baki a cikin wani abu mai kama da ƙwai. Mai ya jiƙa takardar har zanen da ke bayanta ya bayyana, fuskar wani mutum ta hau kan ruwan da matar take tuƙi. Manyan motoci sun yi layi suna jiran a buɗe musu hanyar Maraɗi, masu babura suna gilmawa da jarkokin fetur, ni kuwa ina tsaye riƙe da takarda mai maiƙo.

Lokacin ba a daɗe da yin sadakar arba'in ɗin Umma ba. Babana direba ne, ba ya zama, shi ya sa aka kawo ni wurin Inna.

Yau ina da shafi a intanet inda nake sa labarin zane duk mako, a ƙasa kuma in rubuta wa masu karatu abin da na gani ya burge ni na wasu masu zanen. Suna yawan tambayata me ya sa matar da ke cikin labarina ba a cika ganinta a tsaye tana fuskantar mutane ba, sai dai bayanta, ko fuskarta kaɗai ta cika gida. Daga Jibiya abin ya samo asali.

Tsohuwar nan mai ƙosai 'yar Maraɗi ce. Surukinta ɗan dako ne a bakin iyaka, shi yake kawo mata damin tsofaffin takardu daga can, a ciki har da littattafan zane na Faransanci da aka cire wa bango. Kullum da safe in Inna ta aike ni, sai in tsaya ina leƙen damin. A ƙarshe ita ce ta gano ni.

“Ke ɗiyar ga, ƙosai kike so ko takarda?”

Na sunkuyar da kai.

“To zaɓi wadda kike so in naɗe maki. Littattafan 'yan lakwal ne, 'yan makarantar boko, ni ban san mi suke cewa ba. Su dai suna shan mai da kyau.”

Ni ma ban san abin da suke cewa ba. Direbobin da ke zaune a bencinta da yawa suna jin Faransanci, amma kunya ba ta bar ni na tambaye su ba. Sai na riƙa ƙirƙiro wa mutanen maganarsu da Hausa. Shafukan kuma ba a jere suke zuwa ba. Yau matar tana cikin kwale-kwale, gobe tana kwance a asibiti, abin da ya faru a tsakani wani ya riga ya ci ƙosai da shi ya yar. Cike wannan giɓin ne ya koya mini zane. Daga baya na bar labarin mutane na fara nawa.

Nawa labarin wata mata ne, mai sayar da goro, tana tsallaka iyaka da ƙafa ta hanyar gonakin Magama, kowane mako tana haɗuwa da wani abu. Ban yi niyyar ta zama Umma ba. Hannuna ne ya ba ta wushirya, ya karkata mata ɗaurin ɗankwali zuwa hagu, ya sa mata tabon ƙuna a bayan hannu. Umma ba ta bar hoto ba. Guda ɗaya aka taɓa yi mata lokacin biki, shi ma ruwan ɗaki mai yoyo ya cinye shi tun ina ƙarama. Saboda haka wannan 'yar ƙaramar fuskar, wadda ba ta kai girman ƙwayar gyaɗa biyu ba, ita ce duk abin da nake da shi.

A makaranta ba ni da baki. 'Yar birni suke ce mini, ni kuma ba na amsawa da komai sai murmushi. Wadda muke zama benci ɗaya, ɗiyar limamin unguwarsu, ita ta fara ganin shafin a ƙarƙashin littafin lissafina. Ta janye shi, ta karanta, ta miƙa wa ta bayanmu. Kafin a tashi ya zagaye aji ya dawo mini da alamun yatsu. Daga nan ya zama duk ranar Litinin sai sabon shafi. A ƙasansa nakan bar wuri in rubuta musu abin da na hango a makon: cewa mai ƙosai ta fara naɗi da labarin garin da ke ƙarƙashin teku, a je da wuri kafin ya ƙare, cewa mai tsiren da ke kusa da shingen kwastan yana naɗi da labarin 'yan ƙwallo, amma zanensa ba shi da kyau, kada a wahala. 'Yan ajinmu suka riƙa yi wa tsohuwar cincirindo, kowa tana nuna shafin da take so.

“Ku tashi mani nan!” in ji ta, tana kore su da matsami. “Ga ɗiyan da ke cin takarda su bar ƙosai. Ke 'yar shiru-shirun nan, ke kika jawo mani wannan.”

A shekarar aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Abin da na gani da idona a Jibiya ƙanana ne. Hijabanmu suka ƙara tsawo. Gidan kallon bidiyo da ke bayan tasha ya koma shagon hatsi. Inna ta yi murna, ta ce ko ba komai an huta da ihun 'yan caca a bayan katangarmu. Mutane suka riƙa tambayar hukuncin abubuwan da da ba a tambaya, har mu yara. Ni ma ina cikin masu murnar, ina kuma cikin masu tsoron Allah, kamar kowa.

Wata Litinin shafin ya dawo hannuna da wani abu a kai. An bi kowane mai rai da ke ciki an ja masa layi da jan biro a wuya. Da ɗan kwastan, da jakin mai itace, da mai goro. An yi shi a tsanake, da rula, siriri, ba a taɓa fuska ko magana ba. A shafin nan mai goro ta fito a kusan kowane gida, a kowanne kuma layin ya ratsa ƙarƙashin haɓarta.

Abin da ya zo mini a rai ragon layya ne.

“Ni na yi maki,” in ji ɗiyar liman, tana murmushi. “Kar ki gode, don Allah na yi. Malamarmu ta Islamiyya ta ce duk wanda ya zana mai rai, ranar ƙiyama za a ce ya hura masa rai, ba kuwa zai iya ba. Amma in an raba kai da jiki, ya tashi daga mai rai. Tun da na ji nake tunaninki. Ke kullum cikin zana mutane kike.”

Ba mugunta ta yi ba. Duk ajin babu mai son labarin kamarta, ita ce ma take hana a ninke shafin. Sauran kuma suka goyi bayanta, suka ce daga yau shafin da ba shi da layi ba zai zagaya ba, kada su ma su kwashi zunubi. Wata ta ce, “Ai ba ya hana karatu, 'yar birni. Layi ne kawai.”

Ban gaya musu ko wace ce mai goro ba. Ban san yadda zan fara ba.

Na yarda da abin da malamar ta faɗa, shi ya sa abin ya yi mini nauyi. Na ɗauki jan biro na ja wa ɗan kwastan, na ja wa jaki, ban ji komai ba. Da na zo kan mai goro sai hannuna ya tsaya. In na bar ta haka, ba mai karantawa, ga kuma ranar da za a tambaye ni. In na ja, ni da hannuna na yi.

Dabarar da na fara yi ita ce na juya ta. Na riƙa zana ta ta baya, gyale ya rufe ta daga ka har gadon baya, babu wuya balle a nemi inda za a ja. Ta tafi Magama ta baya, ta yi ciniki ta baya, ta yi faɗa da ɗan kwastan ta baya. Makonni suka wuce a haka har 'yan aji suka gaji.

“Wai fushi take da mu?” in ji wata.

“Ko ƙuraje suka fito mata?”

Aka yi dariya, har ni na yi. Amma ranar da na koma gida na gwada zana fuskar a gefen takarda, don kaina kawai, sai ta fito wata daban. Ga wushiryar, ga ɗankwalin, amma ba ita ba ce. Na sake, na sake. Duk wadda ta fito baƙuwa ce. Ashe yawan zana ta ne yake riƙe mini ita, da na daina sai ta fara tafiya.

Washegari na je sayen ƙosai ba tare da na leƙa damin ba. Tsohuwar ta dube ni.

“Yau ba zaɓe? To riƙe wannan, ko mi ya same ki.”

A hanya na buɗe. Labarin matar kwale-kwale ne, wani shafi da ban taɓa gani ba. A tsakiyarsa akwai gida ɗaya babba, babu komai a ciki sai fuskarta. Goshinta ya taɓa layin sama, haɓarta ta zauna a kan layin ƙasa, iyakar gidan kenan. Na sha ganin irin wannan ban kula ba. Na tsaya a gefen hanya, babura suna wuce ni, har ƙosan ya huce.

Na kai wa ɗiyar liman takardar, na miƙa mata tare da jan bironta.

“Ja mata,” na ce.

Ta ɗora rula, ta ɗaga, ta juya takardar.

“To ai ba ta da wuya.”

“Shi ne nake tambaya.”

“Ban sani ba wallahi. Bari in tambayi Baba.”

Da ta dawo ta ce ya daɗe yana kallon takardar, har ya tambayi wa yake cin ƙosai da irin wannan. Ya ce malamai sun yi saɓani a kan abin da ba cikakkiyar sura ba, wasu sun sassauta, wasu ba su sassauta ba, shi dai ba zai tsananta wa yarinya ba, amma ta riƙa tuna Allah. 'Yan aji suka ce in dai liman bai hana ba, su ma ba su hana ba.

Ranar Asabar da hantsi na zauna a tsakar gida, na ja gida babba da rula, wanda ya ci rabin shafi. Inna tana gefe tana tsince shinkafa a faifai. Na sa fensir na fitar da zagayen fuska, sai na tsaya.

Ƙaramar fuska ba ta buƙatar komai, ɗigo biyu ne da wushirya. Babba kuwa tana tambaya. Yaya girarta take, a haɗe ko a rabe? Kunnenta fa, huda ɗaya ce ko biyu? Na san akwai wani ɗan baƙin tabo kusa da hancinta, amma a dama ne ko a hagu? Shekara goma sha uku ina kallon fuskar nan, ban taɓa zaton za a tambaye ni ba. Zagayen ya zauna a gabana fari fat.

Tun da na zo gidan, ni da Inna ba mu taɓa yin maganar Umma ba. In sunanta ya zo a bakin baƙi, Inna takan ce Allah ya jiƙanta, ta tashi ta shiga madafa. Ni kuma ba mai tambaya ba ce. Amma uwa ɗaya ta haife su, ɗaki ɗaya suka tashi, ita ce kuma ta yi mata wanka ranar ƙarshe. Na ɗago na dube ta. Goshin irin na Umma ne, hancin ba irinsa ba.

Ta lura ina kallonta.

“Lafiya? Kin tsare ni da ido kamar na ci maki wani abu.”

Na tashi na ɗauko tsohon shafin nan mai jan layi, na ajiye a kan tabarma kusa da faifanta. Ta goge hannu a zani ta ɗauka, ta nisanta shi da idonta. Ba ta tambaye ni ko wace ce ba. Ta sa ɗan yatsa a kan ɗaurin ɗankwalin ta bar shi a nan, bakinta yana motsi kaɗan.

“Har da ƙunar,” ta ce a hankali. “Ni na ture tukunyar.”

Na matso da sabon shafin, mai zagayen da babu komai a ciki. Muryata ta fito ƙasa-ƙasa, sai da na maimaita.

“Inna, don Allah ki ajiye shinkafar nan. Ki gaya mini fuskarta, daga goshi har haɓa, a hankali. Ki fara da girarta.”