Gola Shi Ke Rabon Nama

Ƙungiyar ƙwallon unguwarmu a Ƙuba, cikin Madina, ta kawuna ce, ƙanin mahaifiyata, direban motar alhazai. A iya sanina bai taɓa buga ƙwallo ba, yana ma ɗan ɗingishi, amma shi ke cewa wane ya shigo, wane ya jira. A ƙarshen shekarun saba'in ne, ina saurayi, ina buga baya. Filinmu wani fegi ne a bayan tsofaffin gonakin dabino, mu muka tsince duwatsunsa, muka kafa raga da bututun ruwa. Ranar Juma'a muke wasa bayan La'asar, mu yi Magariba a masallacin Ƙuba, sannan mu zarce gidan kawu, inda matarsa ke ajiye mana babban tire na shinkafa da nama a tsakiya.

A bakin tiren nan kawu ke zaɓen 'yan wasa. 'Yan Ƙiblatain, abokan hamayyarmu, kowace shekara sai sun bi unguwanni sun kwaso duk wanda aka ce ya iya. Su lallasa kowa na ɗan lokaci, sannan su yi faɗa a kan wa zai buga fenariti, su watse, baɗi kuma a sake sabon lale. Kawu kuwa sai ya bar yaro ya yi atisaye da mu, ya gayyace shi cin abinci, ya koma gefe da kofin shayi yana kallon hannun yaron. Wanda ya jawo nama gabansa tun ba a gama bisimilla ba, kawu ya ce wannan ba zai ba kowa ƙwallo ba. Wanda ya yago tsoka ya tura wa na kusa da shi, ya ce a ba shi riga. Muna yi masa dariya a bayan ido. Amma ƙungiyar ba ta taɓa watsewa ba, kuma in mutumin babban kulob na gari ya fito neman yara, a bakin filinmu yake fara tsayar da motarsa.

Wata shekara golanmu ya samu aiki a Yanbu ya tafi, ragarmu ta zama babu kowa. Akwai wani dogon saurayi da ke zuwa kallo duk Juma'a, ya tsaya a bayan raga, in ƙwallo ta fita ya cafe ta da hannu ɗaya ya jefo mana. Mutumin Damagaram ne, yana aiki a wata gonar dabino a Awali, kan iƙama, wato takardar zama. Ba shi da kowa a Madina, kuma yammacin Juma'a kaɗai ne nasa. Badamagare muke ce masa. Da aka sa shi a raga don gwaji, sai ga hannu kamar faifai, wanda ya saba hawan dabino kuwa tsalle ba ya ba shi tsoro. Ya gaya wa kawu cewa tunda ya zo ƙasar nan bai taɓa son wani abu kamar ya sa rigar nan ba.

Aka kai shi gaban tire. Ya zauna a ɗarare, ya ci loma biyu daga gefen da ke gabansa, bai ko kalli nama ba, ya ce alhamdu lillahi, ya janye hannu. Na yago tsoka na tura masa, ya mayar da ita tsakiya.

Raina ya ɓaci sosai. Mu haihuwar Madina ne, kuma a nan in mutum ya tura maka nama ka mayar, ka raina shi ne, ka raina gidan. Bayan ya tafi muka taru a kan kawu, rabi da Hausa rabi da Larabci, muka ce girman kai ne da shi, ba ma son sa. Kawu ya bar mu muka gama. Shi yana yaro aka taho da shi daga Kano a ƙasa, ta Sudan, saboda haka akwai abubuwan da yake gani mu ba ma gani. Ya ce kunya ce. A can gida yaro ba ya miƙa hannu ga nama a gaban babba, baƙo kuma ba ya cika cikinsa a gidan da aka karrama shi. Ya ce tarbiyya ce muka gani ba mu gane ta ba, don mun zama 'yan birni. Washegari ya sa farar riga ya tafi Awali da ƙullin goro, ya nemi mai gonar ya riƙa sakin yaron da wuri ranar Juma'a. Haka yake yi wa kowane sabon ɗan wasa, sai ya je ya gaida wanda ke da iko da shi, kamar mai neman aure.

To, har gobe ina cewa mu ma muna da tamu gaskiyar, domin kunyar nan ta biyo shi cikin fili. Gola shi ke ganin fili duka, shi ya kamata ya daka wa 'yan baya tsawa, ya ce kai matsa, kai bar min. Badamagare ba ya iyawa. In aka ɗago ƙwallo sama ya fito, da ya ga na nufe ta sai ya ja da baya, wai ni ɗan 'yar'uwar kawu ne kuma na girme shi. Ni in ɗauka tasa ce, shi ya ɗauka tawa ce, ƙwallo ta faɗo tsakaninmu wani ya zura. Haka aka yi ta cin mu a banza. Yara suka fara guna-guni, wasu suka ce a je a ɗauko wani gola da 'yan Ƙiblatain suka kora, mai baki kamar reza. Kawu ya ce wancan ya taɓa cin abinci a gidansa, ya ga hannunsa, ba ya so. Amma ya yarda cewa in aka kai gasar unguwanni ta lokacin hutu Badamagare bai buɗe baki ba, zai karɓi rigarsa. A gabansa ya faɗa, yaron ya sunkuyar da kai.

Juma'ar da ta biyo, aka ajiye tire, muka miƙa hannu, kawu ya ce a dakata. Ya tsame naman duka ya zuba a kwano, ya ajiye a gaban Badamagare.

"Daga yau kai ne mai rabo. Ka kira kowa da sunansa, ka ba shi abin da ka ga ya dace da wasansa na yau."

"Baba, ni ne ƙarami a nan."

"Na sani. Raba."

Ya raba, muryarsa ba ta ko fita. Ya ba kowa daidai wa daida, ya bar kansa babu komai. Kawu ya sa aka mayar da naman cikin kwano aka sake, ya kuma kafa doka: babu mai kai loma baki sai mai rabo ya fara cin nasa. Mu goma sha, mun yi gudu tun La'asar, ga ƙamshi na dukan hanci, muka zuba masa ido. Wani ya ce, "Yalla ya shekh, ka ci mana, za mu mutu." Ya ɗauki 'yar tsoka ya sa a baki kamar mai shan magani.

Haka aka yi ta yi duk mako. Tun yana raɗa sunayenmu har ya fara kiran su sosai. Wata rana ya ba mai buga mana gaba ƙashi zalla, ya ce yau sau nawa ana kiransa bai ba da ƙwallo ba. Muka kwashe da dariya, mai ƙashi ya yi ta ƙunƙuni, kawu ya kurɓi shayinsa. Amma a fili har yanzu da sauran rina a kaba, wani lokaci ya yi magana, wani lokaci ya haɗiye.

Wasanmu na farko a gasar da 'yan Ƙiblatain ne, kuma kowa ya san a ranar ne Badamagare zai riƙe rigarsa ko ya rasa ta. Muna gaba da ci ɗaya, rana ta yi sanyi, suka samu bugun kwana. Aka ɗago ƙwallo, na tashi zan sa kai, sai na ji wata murya a bayana wadda ban taɓa ji ba.

"Kai, kauce! Tawa ce!"

Kafin in kauce gwiwarsa ta same ni a haƙarƙari, na faɗi ƙasa ina cin turɓaya. Da na ɗago yana tsaye da ƙwallo a ƙirji, yana yi wa sauran faɗa su fita su bar masa gida. Ko sannu bai ce min ba. Na yi mako ina jin ciwon nan in na yi dariya, kuma ban taɓa jin daɗin duka irin wannan ba. A daren ya ba ni tsoka mai kyau, ya ce ta haƙarƙari ce.

Ya tsare mana raga shekaru. A cikinsu babban kulob ya ɗauki yaranmu da dama, shi kuwa ba su iya ɗaukarsa ba don ba ɗan ƙasa ba ne, bai kuma taɓa yin ƙorafi a gabanmu ba. Duk yaron da ya shigo, a hannunsa yake karɓar namansa na farko, a bakinsa yake jin abin da ya yi daidai da abin da ya ɓata. Har bayan kawu ya tsufa ya daina zuwa fili, dokar ba ta canza ba, gola shi ke rabo.

A tsakiyar shekarun tamanin aka sayar da gonar da yake aiki za a yi gine-gine, iƙamarsa ta ƙare, ba a samu wanda zai sabunta masa ba. Kawu ya yi yawo iya yawo, abin bai yiwu ba, dole ya koma ƙasarsu. Juma'arsa ta ƙarshe muka yi wasa, muka yi Magariba, muka zauna gaban tire. Ya kira kowa da sunansa ya ba shi rabonsa, da tsiyar da ya saba yi wa kowa. Sannan ya ɗauki tsokar da ta fi kowace girma ya ajiye a gabansa, muka yi masa shewa.

Ya ɗaga ta zai kai baki, ya mayar. Ya sake ɗagawa, ya mayar. Babu mai ci sai mai rabo ya ci, saboda haka muka zauna hannuwanmu a kan gwiwa, har shinkafar ta huce. Kawu na gefe da shayinsa, shi ma bai ce a ci ba.