Ƙwaryar Iya a Cikin Gilashi

Ranar wata Litinin ce a watan Safar, ina aji huɗu a makarantar 'yan mata ta unguwarmu Hindawiyya a Makka, malamarmu Abla Nura ta murɗa makullin kabad ɗin gilashi, ƙwaryar kakata Iya tana ciki. Ƙaras!

Makarantar tana da wani ɗan ɗakin tarihi a ƙarƙashin bene, bai fi kicin ɗinmu girma ba. Akwai butar gahawa ta tagulla da dutsen niƙa da tsohuwar fitila, kuma nan ake zaunar da mu a koya mana yadda mutanen Makka suka rayu a da. Abla ta ce kowace yarinya ta kawo wani abu na kakanninta. Ni kuwa uwar rawar kai, ban tambayi kowa ba, na taka kujera na sunkuto ƙwaryar Iya daga saman sif na cusa a jaka. A zatona nunawa za a yi a ba ni abata. Ashe abin da ya shiga gilashin nan ya shiga ke nan.

Ƙwaryar ba wani kyau gare ta ba. Ta yi baƙi, ta tsage a gefe an ɗinke. Amma da ita Iya ta taso daga ƙasar Katsina tana ƙarama, a ƙafa, ita da iyayenta, suna tafe suna ƙwadago a gonakin Sudan shekara da shekaru. Mahaifiyarta Rabi ce ta yi ɗinkin, kuma a hanya ta rasu, ba ta ga Ka'aba ba. Duk Juma'a, in an sauko daga masallacin Harami, a cikinta Iya take dama mana fura.

A lokacin nan Alhamis da Juma'a ne hutu, don haka Laraba ce iyakata. Wayyo, na ga tashin hankali! Ina wanke-wanke kofi na suɓuce mini, ina shanya a saman soro na manta da rabin kayan a bokiti, ƙannena suna carafke da ƙwallayen dabino ko kallonsu ban yi ba. Iya ta yi tari sai gabana ya faɗi. Talata na tsaya ƙofar ofishin Abla har aka kaɗa ƙararrawa, na koma aji ban shiga ba. Laraba na daure na roƙe ta, ta shafa kaina ta ce, "Ya binti, 'yata, kayan tarihi ba ya fita."

Ranar Juma'a ina kallo Iya ta jawo kujera za ta hau, sai kawai na fashe da kuka na faɗi gaskiya. Wallahi da ta dake ni da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ta ce, "Me suka ce da ita?" Na ce an rubuta "tsohon kwano" a takarda. Ranar a kwanon silba aka dama furar, ita ko kurɓa ba ta yi ba.

Asabar da safe ta zura abaya ta kama hannuna sai makaranta. Ina tafe ina karanto duk addu'ar da na iya, don Iya in ranta ya ɓaci ba ta ƙyale kowa. Abla ta buɗe gilashin tana ta ba da haƙuri. Iya ta ɗauki ƙwaryar ta bi ɗinkin da yatsa, ta juya ga 'yan ajinmu ta ba su labarin hanya da Larabcinta mai ƙamshin Katsinanci. Abla ta ce ta tafi da kayanta. Sai Iya ta mayar da ita cikin gilashin da hannunta.

"A sake takardar," in ji ta. "A rubuta Rabi ce ta ɗinke. Ita ba ta iso Makka ba, ban ma san inda kabarinta yake ba. To, bari sunanta ya iso."

Ni aka ba alƙalami na rubuta.

Yanzu a unguwar Shisha nake zaune, nan Makka. 'Ya'yana a kofin roba suke shan fura, in na yi musu Hausa su amsa da Larabci. Makarantar ta tashi tuntuni, na yi cigiyar kabad ɗin har na gaji, ba wanda ya san inda aka kai shi. Amma 'yata ta fari Rabi ce, kuma ta san dalili.