Baban Taga, Mai Kumbura Shugabanni

Ƙarfe biyu na rana yake jingine kekensa a bayan gidan sinima, ya hau matakala ashirin da bakwai zuwa wani ɗaki da ko tabarma biyu ba zai ci ba. Ya goge gilashin majigi da tsohuwar hularsa, ya zura zaren fim a haƙoran inji, ya leƙa ta 'yar tagar nan ya ga ko kujeru sun cika. Shekara talatin da takwas ke nan. Mu yaran unguwa Baban Taga muke ce masa, don tagar muka sani, ba fuskar ba.

Ranar Asabar za a rufe gidan. An sayar, wai ofishin jam'iyya za a yi. Shi kuwa an ce ya bar makulli wurin mai gadi.

Da muna ƙanana, kafin a sa fim sai an nuna Shugaba na minti biyar, yana buɗe gada, yana ɗaga hannu, kansa na taɓa rufi. Mun ɗauka a bayan farin ƙyallen da ake haska fim yake tsaye, kullum yake barin aikinsa ya zo gaishe mu. Yayata har sabon ɗankwali take ɗaurawa.

"Wallahi ni ya kalla," in ji ta.

"Da wannan hancin naki?" na ce. "Ni ya kalla!"

Sai fim ya fara, a nuno ɗan mutum-mutumin zinariya, masu karatu su ce fim ɗin ya ci lambar yabo. Ba mu taɓa shakkar wanda aka miƙa wa ba. To wa, in ba Baba ba? Ai daga tagarsa jiragen da sojojin da masoyan duk suke fitowa. Na sha rantsuwa a makaranta cewa ɗakinsa maƙil yake da zinariya.

Ina shekara goma na lallaɓa na hau don in gani da idona. Buta na tarar, da almakashi, da kwalbar gam, da zafi kamar gidan burodi. A satin ne aka sauke Shugaba, aka aiko da takarda cewa a cire shi daga kowane faifai. Baba na zaune yana yankewa, yana zubawa a gwangwanin madara.

"Baba, ina zinariyar?"

"Da ina da ita, ɗan nan, keke zan hau?"

"To ina Shugaba?"

Ya tsamo wani guntu daga gwangwanin, ya ɗaga shi saitin haske. Mutumin da muke ɗaga wa hannu bai kai farcen babban yatsana ba.

"Fitila ce ke kumbura shi," ya ce. "Gobe wani zan kumbura."

Na sauko ina kuka. Har yau ban gaya wa Yaya ba.

Baba, kai ne wanda shugabanni shida suka bi ta almakashinka, ba wanda ya san kana duniya. Kai ne ba a tunawa da kai sai fim ya tsinke. Mai sayar da tikiti shaida ce: ranar da zaren ya kama wuta, da tafin hannunka ka kashe ta, mutum ɗari uku a ƙasa suna dukan kujeru suna ihu, "Kai makaho, dawo mana da fim!" Ka liƙe zaren da ƙonannen hannu, ka dawo musu da shi, suka tafa wa jarumi. Yau fitilar ta cinye idonka na dama. Zagin nasu ne kaɗai ya tabbata.

A littattafan da na karanta, irinka a babin ƙarshe ake kiransa gaban jama'a a rataya masa wani abu a wuya. Na jira babin nan, bai zo ba. Waɗanda ka kumbura suna da tituna da sunansu; kai makulli aka ce ka ajiye.

Abu ɗaya ya roƙa, aka yarda da ƙyar: ya kunna majigin sau ɗaya, ƙarfe huɗu na yammar Asabar. "Ko mutum uku ne zan kunna," ya ce mini. Tsorona kada ya leƙo ya ga ukun ma babu.

Mun gode, Baba. Allah ya saka, tunda mu mun gaza. Masu aiki a bayan taga ku koyi riƙon amana a wurinsa.

Ku kuma da kuka taɓa zaginsa cikin duhu, ku zo. In fitila ta kama, kada ku kalli ƙyallen. Ku juya baya wajen taga, ku ɗaga masa hannu.