Fistan ɗin motar tsere

Shekarun baya, lokacin da motocin tsere na Turawa ke ratsa ƙasarmu da sanyi, ni da abokina muna gyaran mota a Madawa. Gareji ɗaya muka yi koyo, hannun maigida ɗaya. Na girme shi da shekara huɗu, na kuma riga shi riƙe ƙarfe, shi ya sa yake kirana yaya. Har na yi shekara biyu a Sakkwato wajen masu gyaran cikin inji, na dawo ina tafiya kamar ni na ƙera motar farko a duniya.

Wata shekara ɗaya daga cikin motocin tseren nan, Pijo ce, ta faɗi a wani kwazazzabo ta hanyar Buza. Masu ita suka tsira, suka kwashe abin da za su iya, suka bar sauran ga mai gonar da ta faɗa ciki. Ni na je na duba, na ce tarkace ne, na yi gaba. Abokina ya je bayana ya kwance injin. Ya sayar da shanun nomansa biyu da albasar da ya noma a ranin nan, ya sayi injin da wata tsohuwar Pijo mai buɗaɗɗen baya da ta daɗe a kan duwatsu. Niyyarsa ya riƙa kai 'yan kasuwa Buza da Keita, ya huta da kwanciya ƙarƙashin motocin mutane.

Da ya buɗe injin sai ga abin da ban taɓa riƙewa da hannuna ba. Fistan ɗin ciki da sandunansu ba na zubi ba ne irin na motocinmu, waɗanda ake narka ƙarfe a zuba kamar tukunyar dalma. Na ƙira ne, an danne su an buge su har suka yi tauri. Masu sauƙi a hannu, ga ƙyalli. Na juya ɗaya a tafina na ce ba laifi. A cikina kuwa na so a ce nawa ne.

Ba shi da kuɗin kayan aiki, sai dabara. Ya aro ƙaramin sikelin mai sayar da irin albasa, yana auna sandunan ɗaya bayan ɗaya, wadda ta ɗan fi nauyi ya goge ta da zarto har su daidaita. Ya wanke komai da kananzir a cikin kwanon matarsa, ta yi kwana biyu tana mita. Mutane suka fara taruwa gindin itacen bedin da yake aiki. Direbobin tasha, masu shayi, har malaman lakwal, wato makarantar boko, idan an tashi. Ni rumfata tana can gefe, ina ɗaure salansa da waya, ina jin dariyarsu.

Ranar da abin ya fi ƙona ni, maigidanmu ya zo da sandarsa, ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Ya ce a gaban kowa, shekara talatin yana koyar da yara, bai ga mai hannu irin na wannan ba. Ina tsaye a bayansa. Bai ma juyo ba.

Ban yi barcin kirki ba a makon nan. Idan matata ta ce ta ji ana maganar motar a bakin rijiya, sai in ce miyar ta yi gishiri.

To, akwai bututun ƙarfe da fistan ke hawa da sauka a ciki, mu muna ce masa shamis. Na injin tseren biyu sun tsage, dole ya sayi sababbi. Ya aika Sakkwato aka kawo masa irin na kowace Pijo. Da ya gwada sai ya ga fistan ya zauna a ciki daram, alhali a tsofaffin yana ɗan motsi. Wata safiya ya ɗauko tsoho ɗaya da sabo ɗaya ya zo rumfata.

Ya ce, "Yaya, duba mini wanga abu. Tsohon ya hi sabon faɗi. Haka aka yi shi, ko ci ne yac ci? Kai ka zamna Sakkwato, kai ka san cikin inji."

Na sani. Wallahi na sani. Wani dattijo a can ya taɓa nuna mini cewa fistan na ƙira ya fi na zubi kumbura idan ya ji wuta, don haka sai an bar masa ɗan sarari, ko da zai riƙa ƙara da safe kafin inji ya yi ɗumi. Aikin yini ɗaya ne a mayar da sababbin a ɗan goge cikinsu. Na sa yatsa cikin tsohon shamis ɗin, na juya shi a hasken rana kamar mai tunani.

Na ce, "Ci ne. Motar tsere ce fa, ka ga irin wahalar da ta sha. Sa sababbinka yadda suke."

Ya yi mini godiya har da riƙe hannu biyu. Da rana ya aiko mini da goro.

Injin ya tashi a bugu na farko, shiru kamar keken ɗinki. Aka yi ta tafi. Na ɗan fara fatan ko dattijon nan na Sakkwato ya faɗi son ransa ne. Kwana uku yana yawo da ita cikin gari a hankali, ba abin da ya faru. Ranar kasuwar Keita ya cika baya da mutane da buhunan gero, ya sa maigidanmu a gaba don girmamawa. Sun wuce Buza lafiya. A hawan dutsen da ke gaba, rana ta take, ya ba ta wuta, injin ya yi wata ƙara guda ya kame.

Ni aka aiko wa. Ni na ari mota na janyo su da igiya, maigidanmu yana zaune kusa da ni har Madawa. Da muka buɗe, fistan uku sun manne da shamis, sanda ɗaya ta karye ta huda gefen injin. Babu abin ɗauka. Abokina ya zauna a ƙasa yana ta maimaita cewa wataƙila ruwa ne bai cika ba, wataƙila shi ya yi gaggawa. Ni kuwa ina dafa kafaɗarsa ina cewa ƙaddara ce.

Abin da nake jin kunyar faɗi ya fi wannan. Kwana biyun farko daɗi na ji. Jama'a sun watse daga gindin bedi, direbobi sun dawo rumfata.

Ba shanu, ba mota, ga masu tsokana a tasha. Kafin damina ya bi samarin garinmu zuwa Abijan neman abinci, ya bar matarsa da 'ya'ya biyu gidan iyayensa. Shekara huɗu ya yi. Mahaifinsa ya rasu yana can.

A shekara ta biyu wani ɗan Sabon Gida da ya dawo daga can ya kawo mini wasiƙarsa. Bayan gaisuwa sai ya rubuta cewa ya samu aiki a garejin masu motocin gudu, kuma ya gano abin da ya kashe injinsa. Ya bayyana mini kumburin fistan na ƙira dalla-dalla, har da zane a gefen takarda. A ƙasa ya ce, "Yaya, na rubuto ne don kada wata rana irin wanga aiki ya zo hannunka ka yi kuskuren da muka yi."

Na karanta sau ɗaya. Ban iya amsawa ba.

Da ya dawo sai da na yi wata guda ina kewaya gidansu. Wata Juma'a bayan an sauko na tare shi a hanya, na faɗa masa duka, har da daɗin da na ji. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Na zaci zagi, ko mari, kuma da ya yi da na samu sauƙi. Sai ya ce, "Na yahe maka don Allah." Ya ɗan yi gaba, ya juyo ya ƙara da cewa, "Tsohona ya yi ta kiran sunana, an ce."

Mun ci gaba da gaisawa. Ya zo sunan 'ya'yana, na je auren nasa. Ya buɗe garejinsa, ya yi suna har daga Tawa ake kawo masa inji, kuma wannan karon da na ji zafin yana tasowa na san sunansa hassada, nakan yi istigfari in koma bakin aikina. Ban ce ya daina tasowa ba.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ni ban taɓa injinsa ba, magana kawai na yi. Amma ya zo wajena ne don ya yarda da ni fiye da idonsa, ni kuma da wannan yardar na same shi. Yanzu duk mun tsufa, muna zama benci ɗaya da la'asar. Yana ba ni goro, yana dariyar labarina. Daga ranar nan ta Juma'a har yau, bai sake tambayata shawara kan komai ba, ko da kan farashin rago ne.