Layin da Ya Faɗi a Shafi na Tara

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe ne, na sani domin agogon bangon maɗaba'ar yana daidai saitin kujerata. A lokacin na lura rular Baba ta daina tafiya. Shekaru sun shuɗe, amma wannan minti ba zai taɓa fita daga raina ba.

Baba mai jera harufan dalma ne a wata maɗaba'a a Kafanchan, ta wani Alhaji, tun kafin a haife ni. Ni kuwa ina aji biyar a sakandare, yarinyar da ko gaisuwa sai an matso ake jin muryarta. Idan an yi hutu nakan bi shi wurin aiki, don can ne kawai ake neman mai karatu ba mai surutu ba.

A farkon shekarun casa'in, bayan an zaɓi kansiloli, wata ƙaramar hukuma da ke maƙwabtaka da mu ta kawo dokar kasafin kuɗinta a buga. Ƙa'idar tana da tsauri. Kwafi uku a farar takarda mai kauri, babu kankare rubutu, babu gyara da biro. A shafin ƙarshe akwai wurin da akawun majalisa zai sa hannu ya buga hatimi, ya shaida cewa ya gwada bugun da abin da majalisa ta zartar, ya same su daidai. Sai bayan haka ciyaman ya sa hannu. Abin da ba ya cikin wannan bugu, ko da dukan kansiloli sun ɗaga masa hannu, bai zama doka ba.

Yadda muke dubawa, ni in riƙe takardar majalisa ina karantawa da ƙarfi, har waƙafi da aya sai na ambata, Baba kuma yana bin bugun da rula layi-layi yana cewa "To." Ranar nan ina cikin jerin ayyuka a shafi na tara, na ɗago kai. Bakinsa yana ta "To, to," rular kuwa tana nan inda na bar ta layi shida baya. Ashe ba ya ganin ƙananan harufan. Muryata kawai yake bi.

Da ya fita wanke hannu na jawo shafin. Layi biyu ne suka fara da kalmomi iri ɗaya, gina kwalbati a ƙauye kaza, gina kwalbati a ƙauye kaza. Idonsa ya tsallake na biyun. Kwalbatin wani ƙauyen manoman citta ya ɓace daga doka gaba ɗaya.

Na san Alhaji ya riga ya yi masa kashedi sau biyu saboda kurakurai, kan katin biki da littafin waƙoƙin coci. Na ji da kunnena ya ce na uku shi ne na ƙarshe.

Bayan azahar akawun ya iso a kan babur, rigarsa duk jar ƙasa.

"Baba, an gama? Ciyaman na jirana, mota za ta tafi Kaduna da kwafi ɗaya."

"An gama, ranka ya daɗe. Ga su, ka duba."

"Haba, in duba me? Ai in ka duba, na duba." Ya zaro biro yana dariya, ya dube ni. "'Yar boko, har yanzu ba a saya miki baki ba?"

Ya buɗe shafin ƙarshe. Ina kallon hannunsa, ina kallon ƙeyar Baba da ta yi fari. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Oga, kada ka sa hannu. Layi ya faɗi a shafi na tara."

Akawun ya karanta, ya sake karantawa, ya mayar da biron aljihu a hankali. Ya ce kansilan wannan gunduma sai da ya yi kwana biyu yana faɗa a majalisa kan kwalbatin nan, da an rufe dokar babu shi, wuyan akawu za a fara kamawa. Alhaji ya fito daga ofis, bai yi faɗa ba. Ya ɗaga shafin a gaban Baba ya ce, "Malam, karanta mini layin farko." Baba ya matso da takardar har ta kusa taɓa hancinsa, sannan ya ajiye ta.

Wani ne ya sake jera shafin. A ƙarshen wata Alhaji ya sallami Baba da mutunci, muka koma ƙauye. Har yau idan na shaƙi warin tawada da kananzir, sai in ji ina son in koma kan kujerar nan, ina karatu yana ce mini "To." Ba mu sake zama haka ba.

Bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma na kasa. Na gama makaranta, na fara koyarwa, maganar tana nan a raina. Sai wata Lahadi bayan sujada, lokacin idonsa ya rufe sarai, ina riƙe da hannunsa a hanyar gida, na ce, "Baba, ka ji haushina ranar nan?"

Mama yake ce mini, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Na ji mana, Mama. Har wata uku ina ji. Amma ido ne ya kore ni, ba ke ba. Shekara talatin mutane suna sa hannu a kan takarda don ni na ce daidai take. Da kin yi shiru, da na ci gaba da cin amanarsu, ke kuma kina taya ni. Gara da kika yi magana."