Kaske Mai Raga da Hirar Mahaifina

Shekarun baya, lokacin babban farin nan da ya share shanun Adar, ina saurayi ina aikin gwamnati a Tawa. Aikina yi wa dabbobi allura. Soja ke mulki, kuma a zamanin ma'aikaci ba ya wasa da lokaci. Ka makara da safe, sai ka tarar an rufe ƙofar biro, wato ofis, ka tsaya waje kana zufa kana shirya ƙaryar da za ka yi. Ni kuwa ban da aikin nan abu ɗaya ne ya ɗauke mini hankali a duniya, wani kiɗan Turawa da masu shi ke kira metal, wai kiɗan ƙarfe.

Abokina ne ya jefa ni ciki. Mai gyaran rediyo ne kusa da tasha, kuma Turawan da ke ratso hamada da tsofaffin motoci don su sayar, wurinsa suke zubar da tarkacensu kafin su wuce: kaset, manyeto mai juya kaset, wayoyi. Ranar da ya fara sa mini kaset ɗin, ce masa na yi injin ya lalace. Ya ce in dai saurara. Jita biyu na gurnani, mai ganga na duka kamar mata goma sun taru kan turmi ɗaya, mawaƙin kuma na ihu sai ka ce an taka masa ƙafa a kasuwa. Ko kalma ɗaya ban gane ba. Amma kafin a juya kaset ɗin na kamu, kuma ga ni yau da furfura ban warke ba.

Gidan haya nake, ɗaki biyu da rumfa, ni kaɗai, ina ƙure manyeto yadda na ga dama. Sai fari ya kai inda ya kai. Mahaifina yana wani ƙauye can bayan Kalfu, yana noma yana kiwo. Gero bai yi ba, shanu suka bi juna ɗaya bayan ɗaya har ba ko maraƙi. Ni da ake biya in tsare lafiyar shanun mutane, ko wutsiya ɗaya ban tsirar ba daga garken ubana. Da ƙyar kawuna ya shawo kansa ya yarda su taho Tawa shi da mahaifiyata, su zauna wurina har ruwa ya sauka.

To, ni ɗan fari ne. Yaran yanzu ba lallai ku gane nauyin wannan ba. Tun da aka haife ni mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dubana ya yi mini magana kai tsaye ba. In yana da saƙo, mahaifiyata yake faɗa wa ko da ina zaune gabansa: a ce wa yaron nan kaza. Ita ma kunyar take yi, sai dai dole ta sa ta sassauta, don in ba ita ba babu mai isar da saƙon. Ba ƙiyayya ba ce, haka muka tashi muka tarar, kuma ban taɓa jin haushin abin ba.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne yadda ya koma. Ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin rumfa, ya juya fuska wajen bango, daga salla sai shiru. Tuwon jar dawar taimako da sojoji ke rabawa, loma biyu yake yi ya ture akushi. Ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Duk ranar kasuwa sai ya ce wa mahaifiyata ta ɗaure masa kaya zai bi motar Kalfu, ita kuma ta yi ta ba shi haƙuri. Gidan da yake son komawa babu komai cikinsa sai rumbu wayam. Na san in ya tafi a haka ba zai ga damina ba, kuma ba ni da bakin hana shi.

Manyeto kuwa tun ranar da suka iso ya yi shiru, don ba zan sa wa ubana ihun Bature a ka ba. Na daure sati biyu. A na uku na je wurin abokina na ce ya cece ni. Ya yi dariya, ya jawo wani akwati ya fito da abin sauraron nan da ake ɗorawa a ka ya rufe kunnuwa, wanda muke ce wa kaske. Guda biyu ne. Na farko rufaffe ne, mai kauri, da fata a bakinsa. Da na sa shi duniya ta ɗauke ɗif, ganga na bugawa har cikin haƙorana, amma jitocin sun cakuɗe sun zama dunƙule ɗaya, kuma kafin waƙa ta ƙare kunnuwana sun jiƙe sharkaf. Zafin Tawa ba ya son a rufe masa ƙofa.

Na biyun ba shi da nauyi, bayansa raga ce kamar rariya, kana hango abin da ke ciki. Da na sa shi sai na ji kiɗan ya buɗe. Jita ɗaya na dama, ɗaya na hagu, kowace da abin da take faɗa, mai ganga na can baya, har ƙarar yatsa kan tsirkiya ina ji. Kaset ɗin da na ɗauka na haddace, ashe rabinsa na sani. Na ce wannan nake so. Abokina ya girgiza kai ya ce, "Wanga ba ya riƙe asiri. Na kusa da kai shina jin ka, kai ma kana jin shi. Mai baƙi a gida, ɗauki rufaffen." Na ce zan rage murya. Ya ce taurin kaina ne zai kashe ni, ya naɗe mini shi cikin tsohuwar jarida.

Daga nan kullum in na taso aiki na yi la'asar, sai in shimfiɗa tabarmata a ɗaya gefen rumfar, in ba mahaifina baya don ladabi, in sa kaske in lumshe ido. Kiɗan na fita ta ragar kaɗan-kaɗan, kamar kukan zuma. Mahaifiyata ta tambaye ni mene ne wannan, ni kuma don in yi burga na ce mata in na sa shi ko aradu ta faɗi ba ni ji. Ta kai masa labarin kamar yadda na faɗa.

Rana ta huɗu ko ta biyar, tsakanin waƙa da waƙa, sai na ji murya a bayana. Mahaifina ne. Na ɗauka da mahaifiyata yake, sai na tuna ta tafi ɗibar ruwa. A hankali yake magana, yana ba da labarin jar saniyarsa mai karyayyen ƙaho, yadda ta durƙusa bakin rijiya ya yi ta ɗaga ta da igiya har hannunsa ya tsage, ta dube shi ta kwanta. Na sa yatsa na rage kiɗan. Ban motsa ba.

Kashegari ma haka. Da na sa kaske sai ya gyara murya ya fara. Ya bi shanun nan ɗaya-ɗaya, wadda ya gada, wadda ya saya, wadda aka haifa a shekarar da aka haife ni. Ni kuma ina ta rage kiɗa har wata rana na danna manyeton ya tsaya gaba ɗaya, na zauna da kaske a ka ina gyaɗa kai kamar mai jin ganga. Kai, na iya munafunci! Da shanu suka ƙare ya shiga wasu zantukan. Ya ce ranar da aka haife ni daji ya shiga ya wuni, don kada mutane su ga haƙoransa a waje. Ya ce ranar da aka zo aka ɗauke ni zuwa lakwal, makarantar boko, ya bi sawun motar da ƙafa har ya gaji, ya dawo ya ce wa mutane raƙumi ya je nema. Ina zaune na ba shi baya, hawaye na zuba kan rigata, ina ta gyaɗa kai.

Wallahi a cikin makonnin nan mutumin ya fara cin tuwo. Har ƙari ya nema wata rana. Ranar kasuwa ta zo ta wuce bai ce a ɗaure kaya ba, wata ma ta zo ta wuce. Ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba.

Sai abokina ya zo ya ɓata. Shi ke sayar mini da batir, ya ga na daina zuwa, ya ɗauka injin ne ya mutu. Ya shigo da sallama da la'asar, ya durƙusa ya gaida mahaifina, ya juyo ya same ni da kaske ina gyaɗa kai, kaset kuwa ko juyawa ba ya yi. Mutumin kirki ne, amma bakinsa ba linzami. Ya fashe da dariya ya ce, "Kai, mi kake saurare, abin a kashe? Baba, kada ya ruɗe ka, wanga kaske ko tari ka yi shina ji." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mahaifina ya jawo butarsa, ya tashi ya shiga ɗaki.

Kwana uku babu magana, tuwo ya koma loma biyu, ya kuma ce wa mahaifiyata wannan kasuwar ba fashi zai tafi. Na rataye kasken a ƙusa cikin ɗakina, ko dubansa ba na son yi. Na je wurin abokina na zazzage masa, ya yi ta rantsuwa bai san komai ba, kuma gaskiyarsa ce. Laifin nawa ne, ni na saci jin abin da ba a ba ni ba.

Da na faɗa wa mahaifiyata haka, tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Kai dai lakwal ba ta ƙara ma wayo ba. Mutumin da ke gane kukan saniyarsa cikin garke ɗari, shi ne ba zai ji zumar nan taka ta daina kuka ba? Tun ranar da ka kashe ya sani." Ta ce ba jin da na yi ne ya ɓata masa rai ba, faɗin da aka yi a gabansa ne, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ta ce in koma in sa abina kamar ba a yi komai ba. Na ce to, amma na kasa. Kwana biyu ina zama a rumfa da kunnuwa a sake, ni da shi kowa na kallon bangonsa.

Ana gobe kasuwa, kayansa a ɗaure a bakin ƙofa, na yi la'asar na zauna a rumfa. Sai na ji ya tashi. Ya wuce ni, ya shiga ɗakina, wanda tun zuwansa bai taɓa leƙawa ba. Ya fito da kasken riƙe da yatsa biyu, wayar na jan ƙasa, ya ajiye a gefen tabarmata ya koma wurinsa. Ya ɗaga murya wajen madafa ya ce, "A ce ma wanga yaro shi sa abinshi. Ina da magana."

Na ɗauka na sa. Ko manyeton babu a wurin, bakin wayar na kwance cikin rairayi. Ya gyara murya ya ce, yana kallon bango, shi ba zai tafi ba sai ruwa ya sauka, in Allah ya kai mu. Ya ce ba laifin kowa ba ne shanu suka mutu, allura ba ta maganin yunwa, kada wani ya ɗora wa kansa. Sannan ya ce shi kuma wannan mai ihun cikin kaset, in ana da hali a taimaka masa da magani, don da ji ba shi da lafiya. Na cije leɓe don kada dariya ta fito, na ci gaba da gyaɗa kai. Mahaifiyata ta zo ta ɗauke kayan daga bakin ƙofa ta kwance.

Ya zauna har ruwa ya sauka, ya koma ya yi shuka, ya kuma yi shekaru masu yawa bayan haka, har ya sake tara ɗan garke. Bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. Amma duk zuwan da zan yi ƙauye da kasken nake tafiya cikin jaka, in mun yi la'asar in sa, shi kuma ya gyara murya.

Yanzu ƴaƴana na kawo mini na zamani iri-iri, wasu har da masu kashe duk wata ƙara ta waje, suna cewa su ne suka dace da kiɗan tsufana. Ina gode musu, in ce su nemo mini mai raga. Suna ɗauka don jitocin ne, kuma ba su yi ƙarya ba, har gobe babu kamarsa wajen raba jita biyu. Abin da na koya dai shi ne, wani mutumin ba ya iya buɗe cikinsa sai ka ba shi baya, kuma ba kowane abin da aka sani ake faɗa ba. In na tuna ba baƙin ciki nake ji ba, godiya nake yi. Ɗan fari nawa ne a Adar ya ji daga bakin ubansa cewa an yi murna da haihuwarsa? Ni na ji, da kunnuwana biyu.